Awa uku a ƙafa kan sawun Prince Hall, majemin Boston

'Yata ce ta yi mana rajistar wannan zagaye tun kafin jirgina ya sauka a Boston, kuma da ta gaya mini ko tarihin wane ne za a ba mu, cewa na yi ta nemi a mayar mata da kuɗinta. Prince Hall shi ne ya kafa ƙungiyar Firimason (Freemason, wata ƙungiyar 'yan'uwantaka mai sirri) ta baƙaƙen fata a Amurka, ya riƙe shugabancinta har ranar da ya mutu. Ni kuwa a gidan da na tashi, ko sunan wannan ƙungiya aka ambata sai an nemi tsari. Ta ƙyale ni na gama, sannan ta ce, "Baba, majemi ne fa." Jin haka na ɗauko takalmina.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, jima ya yi a birnin Kano har ƙarfinsa ya ƙare. Da kuɗin jar fatar akuya aka ɗinka mini rigar makaranta. Na san warin fata idan an tsamo ta daga ruwan toka, na san yadda bagaruwa ke rine hannu a yi mako ana wanki bai fita ba, na kuma san yadda mutane ke ɗan matsawa idan majemi ya zauna kusa da su a taron suna. To a ce mai wannan sana'a, baƙar fata, wanda har an taɓa lissafa shi cikin dukiyar wani, ya kai inda majalisar dokoki ke karanta takardarsa, ai dole in so ganin inda ya taka.

Bari in share hanya tun yanzu. Ra'ayina kan shiga ƙungiyar bai motsa ba. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta yanke hukunci a kanta tun 1978, kuma a nan na tsaya. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne an biya kuɗi an zaga da ni, an ba ni tarihin wani shugaba, akwai abin da ya gamsar da ni akwai wanda bai gamsar ba. Ɗan'uwan da ya zo Boston ziyarar ɗa ko halartar taro yana da hakkin ya san ko ya dace ya ba da safiyarsa guda a kan wannan.

Ƙaramin kamfani ne mai zaman kansa, kuma tunda akwai ƙorafi a bakina zan bar sunansa. Dala 35 muka biya kowane mutum, ban da kuɗin shiga gidan tarihin da za a tarar a hanya. Ranar Asabar ce cikin Oktoba, ga iska mai sanyi irin wadda ke shiga ta wuyan riga. An ce mu haɗu ƙarfe 10 a gaban allon tagulla na tunawa da runduna ta 54 ta Massachusetts, rundunar baƙaƙen sojoji ta yaƙin basasa, a bakin filin Boston Common, daura da ginin majalisar jiha mai ƙubba ruwan zinariya. Daga tashar jirgin ƙasa ta Park Street 'yar hawa ce ta minti 5. A tallarsu sun ce ba sa wuce mutum 10 a zagaye ɗaya. Mu 17 muka taru. Jagoran kuma sai 10 da minti 20 ya iso. Ya ba da haƙuri, amma tsayuwar minti 20 cikin wannan iska ba ƙaramin abu ba ce ga mai shekaruna, balle wata dattijuwa a cikinmu da ke dogara sanda.

Dattijo ne baƙar fata, ya haura 70, tsohon malamin tarihi a sakandare. A yatsansa akwai zobe mai alamar kamfas da ma'aunin kusurwa, bai kuma ɓoye ba. Da buɗe bakinsa ya ce shi ɗan ƙungiyar ne, abin da ake yi a cikin zaurensu ba zai faɗa ba, kada kowa ya wahalar da kansa da tambaya, amma duk abin da zai faɗa a kan Prince Hall akwai takarda a bayansa. Ya ɗaga wata jaka cike da kwafin tsofaffin takardu, kowace cikin ledarta. Wannan jaka kaɗai ta biya rabin kuɗinmu.

Da rushe labari ya fara. Ya ce an daɗe ana koya wa yara cewa a tsibirin Barbados aka haifi Prince Hall, ɗan wani Bature da 'yantacciyar mace, har ya zama mai wa'azi. Duk wannan daga wani littafi na 1903 ya fito, kuma masu bincike sun bi sawu ba su sami tushensa ba. Abin da takarda ta tabbatar kaɗan ne. An haife shi wajen 1735. Ya yi shekara 21 a gidan wani mai sana'ar fata a Boston, William Hall, a can ya koyi aikin. A Afrilun 1770 maigidan ya rubuta masa takardar 'yanci, wata guda bayan sojojin Ingila sun buɗe wuta a kan jama'a a tsakiyar gari sun kashe mutum 5, cikinsu har da wani baƙar fata, Crispus Attucks. Ɗan ƙungiya ne, yana ƙaunar wanda ya kafa ta, amma ya yarda ya tuɓe masa rigar aro a gaban baƙi. Tun daga nan na ba shi kunnena duka.

Takardar da ta fi taɓa ni ƙarama ce: lissafin Afrilun 1777, inda Hall ke neman kuɗin fatar ganga guda 5 da ya yi wa rundunar igwa ta Boston. Jagoran ya ce jeme musu fatun ya yi. Na ɗaga hannu na ce, "Malam, fatar ganga ba a jeme ta." Gashi ake cirewa, a sa kartaji a kankare tsoka da kitse har ta yi fes, a ɗaure ta a shanya ɗanya. Idan ta sha bagaruwa ta yi laushi, ganga ba za ta yi amo ba. Duk gwanintar tana ga kankarar: wuri ɗaya ya fi kauri, sauti ya lalace, hannu ya zarce, fata ta huje, asara ta hau kanka. Dattijon ya tsaya cak, ya zaro ɗan littafi ya rubuta. Ya ce shekara da shekaru yana nuna wannan takarda, babu wanda ya taɓa gaya masa haka. Daga nan har muka rabu "majemin Kano" yake kirana, kuma raina ya yi fari da wannan suna. Soja ba ya kai aikin gangarsa wurin ɗan koyo. Hall ya ƙware a sana'arsa tun kafin ya shugabanci kowa, da gumin hannunsa ya mallaki gida ya biya haraji, kuma wannan harajin ne ya zama hujjarsa daga baya.

Ita ƙungiyar, asalinta daga maginan dutse ne na Sikotilan da Ingila, masu sirrin sana'a da matakai tun daga ɗan koyo har gwani, kusan yadda muke da Sarkin Magina da Sarkin Maƙera da yaransu. Daga baya masu kuɗi da masu mulki suka shige ta, aka kafa babbar majalisarta a Landan a 1717. A Boston ta wancan zamani manyan gari irin su Paul Revere da John Hancock duk 'yan ciki ne. Wuri ne da ake sanin juna, a ƙulla ciniki, a ɗaga wanda ya faɗi. Turawan gari ba su buɗe wa baƙar fata wannan ƙofa ba. Bisa tarihin da ƙungiyar ke riƙe da shi, ranar 6 ga Maris, 1775, Hall da wasu 'yantattun baƙaƙe 14 suka sami karɓuwa a wani reshe na 'yan Ailan da ke tare da sojojin Ingila, mako 6 kafin a fara harbe-harben yaƙin neman 'yancin Amurka. Da sojojin suka bar gari a 1776, izinin da suka bar musu mai ƙunci ne: su taru, su yi jerin gwano ranar bikinsu, su binne mamatansu bisa al'adar ƙungiya, amma ba su da ikon shigar da sabon mutum.

A nan hankalina ya bar jagoran na ɗan lokaci. Binne mamata. Duk wanda ya zauna a ƙasar da ba tasa ba ya san nauyin wannan. A zangon Kumasi ko Sabo ta Ibadan, aikin farko na sarkin al'ummarmu shi ne baƙo da gawa: wa zai sauki wanda ya zo, wa zai suturta wanda ya mutu babu dangi. Har yau 'yan'uwanmu a Amurka karo-karo suke yi saboda haka. Mutanen Hall mutane ne da ake kai gawarsu gefen maƙabarta a rufe babu ko alama. Ni a ganina, ranar da suka sami ikon raka ɗan'uwansu kushewa cikin tsari, gari yana kallo, ranar ce suka zama jama'a.

Hall bai tsaya a wannan rabin izini ba. Ya rubuta Landan a 1784, aka amince da su ranar 29 ga Satumba na wannan shekara da sunan African Lodge mai lamba 459, amma takardar ba ta iso hannunsa ba sai Afrilun 1787, a jirgin wani Kyaftin James Scott, saboda jinkirin isar kuɗin rajista. Shekara biyu da rabi yana bin takarda ɗaya a tsallaken teku.

Daga Common muka hau unguwar Beacon Hill, muka bi hanyar da ake kira Black Heritage Trail mai tsawon mil 1.6. Unguwar kyau gare ta, gidajen jan bulo da fitilun gas, amma daɓen gefen titi na bulo ne da saiwar itatuwa ta tuttura, ga hawa ga gangara, ga ƙunci. A nan yawanmu ya zama matsala. Mutum 17 ba sa tsayuwa wuri ɗaya a irin wannan lungu, jagoran ba shi da lasifika, muryarsa kuma ta manyanta. Sau biyu sai da 'yata ta kutsa gaba ta dawo ta maimaita mini abin da aka ce. Sannan yawancin gidajen da ake nunawa mutane ne ke zaune a ciki, daga waje ake kallo. Ya kamata kamfanin ya faɗi haka a tallarsa, bai faɗa ba, kuma na ga wasu sun ji ba daɗi.

A titin Pinckney akwai ɗan gidan katako na George Middleton, ginin wajen 1787. Tsohon sojan yaƙin 'yanci ne, mai aikin dawaki, kuma ya riƙe shugabancin ƙungiyar jim kaɗan bayan rasuwar Hall. A titin Phillips akwai gidan Lewis Hayden, wanda ya gudo daga bauta a Kentucky a 1844 ya mai da gidansa maɓoyar masu gudu. Ana ba da labarin ya ajiye albarushi a ƙofar gida, ya ce da a kama baƙinsa gara kowa ya tashi. Shi ma ya zama babban shugaban ƙungiyar a jihar.

Inda muka zauna a karon farko shi ne African Meeting House, a wani ɗan lungu mai suna Smith Court. An gina shi a 1806, shekara guda kafin Hall ya rasu, kuma shi ne ginin cocin baƙaƙen fata mafi tsufa da ke tsaye a Amurka. Da shi da makarantar Abiel Smith ta 1835 da ke maƙwabtaka da shi duk suna hannun gidan tarihin baƙaƙen fata na titin Joy. Kuɗin shiga daban ne, kuma ya cancanta: wurin tsaf, ma'aikatan sun san abin da suke faɗa, akwai kuma banɗaki, wanda tun fitowarmu ba mu gamu da shi ba. A wannan zaure William Lloyd Garrison ya kafa ƙungiyar yaƙi da bauta ta New England a 1832, a nan Frederick Douglass, tsohon bawa mai yaƙi da bauta, ya yi jawabi. Amma ni ɗakin ƙasa ne ya riƙe ni. A Oktoban 1787 Hall ya kai koke majalisa cewa baƙaƙe na biyan haraji kamar kowa, don me 'ya'yansu ba sa amfana da makarantun gari? Ba a biya musu buƙata ba. Sai a 1798 suka buɗe tasu makarantar a gidan ɗansa Primus, daga baya ta dawo wannan ɗakin ƙasa. Dokar da ta hana ware yara a makarantun Massachusetts sai 1855 aka yi ta, shekara 68 bayan kokensa. Na kalli 'yata da ke karatu a jami'a a wannan gari, ban ce komai ba, ita ma ba ta ce ba.

Ƙorafina na biyu a kan tsarin tafiyar ne. An fara da rundunar nan ta 1863, aka koma shekarun 1770, aka yi tsalle zuwa 1850, aka sake komawa baya. Hanyar ƙafa ce ta tilasta haka, amma wanda bai zo da ɗan sani ba zai rikice. Da daga maƙabartar da aka binne Hall aka fara, inda tsohuwar unguwar baƙaƙe take, a bi ta tsohuwar majalisa, a ƙare a Beacon Hill wurin magadansa, da labarin ya miƙe kamar zare.

Zuciyar zagayen tana gaban Old State House, tsohon ginin majalisa na 1713 da yanzu dogayen benaye suka kewaye. Jagoran ya tuna mana cewa ginin mai ƙubba sai 1798 aka gama shi, don haka a nan ake karɓar koke-koken Hall. Ya jingina da ƙarfe ya shiga zaro takardu ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko ta 13 ga Janairu, 1777: Hall da wasu mutum 7 suna roƙon a kawo ƙarshen bauta. Hujjarsu ita ce duk dalilin da Amurka ta kafa na rabuwa da Ingila ya fi ƙarfi a bakin bawa. Sun nemi ko 'ya'yan da aka haifa a ƙasar a sake su idan sun kai shekara 21. Majalisa ba ta yi dokar ba, sai kotu ce ta karya bauta a jihar a 1783, a shari'ar wani bawa mai suna Quock Walker. Ta biyu ita ce ta dame ni. A ƙarshen 1786, lokacin da manoman yammacin jihar da bashi ya yi wa katutu suka ɗauki makami ƙarƙashin Daniel Shays, Hall ya rubuta wa Gwamna James Bowdoin cewa zai kawo baƙaƙe 700 su taimaka a kwantar da tawayen. Talakawa ne fa waɗancan, gonakinsu ake ƙwacewa. Ban ji daɗin ganin majemi a ɓangaren masu bin bashi ba, na kuma faɗa a fili. Dattijon bai kare shi da ƙarfi ba. Cewa ya yi Hall yana neman hujjar da za ta nuna su ma 'yan ƙasa ne masu biyayya, kuma gwamnan ma bai karɓa ba. Sai ya zaro ta uku, ta Janairun 1787, 'yan makonni bayan wannan: mutum fiye da 70 sun sa hannu suna roƙon majalisa ta taimaka musu su koma Afirka. An yi shiru da ita. Watanni 9 bayan nan sai koken makaranta. Idan ka jera su haka, za ka ga mutum ne da ke ƙwanƙwasa kowace ƙofa bi da bi: ku karɓe mu, in ba za ku karɓa ba ku sallame mu, in ba za ku sallama ba ku koyar da 'ya'yanmu.

Ta ƙarshe ce ta ci. A Fabrairun 1788 wani mai jirgi ya yaudari baƙaƙe 'yantattu 3 da sunan aikin lada, suna shiga ƙasan jirgi ya rufe su ya ɗaga zuwa tsibiran Karebiyan don ya sayar. Ranar 27 ga watan Hall ya jagoranci koke, yana cewa wane 'yantacce ne zai sake kusantar tashar ruwa neman abinci idan haka za ta riƙa faruwa. Limaman coci na gari da 'yan ɗariƙar Quaker su ma sun matsa. Ranar 26 ga Maris majalisa ta haramta cinikin bayi ga mutanen jihar. Gwamna Hancock da ƙaramin jakadan Faransa suka aika wasiƙu tsibiran, aka gano mutanen a Saint Barthélemy, wanda a lokacin ke hannun Suwidin, suka dawo gida cikin Yuli. Jagoran ya ƙara da cewa, bisa abin da wani limamin coci na Boston, Jeremy Belknap, ya rubuta, ɗaya daga cikinsu ɗan ƙungiyar ne, kuma ɗan kasuwar da aka yi wa tallarsu shi ma ɗan ciki ne, shi ya kai maganar gaban gwamnan tsibirin. Ya faɗi wannan da alfahari. Ni abin da na riƙe daban ne: kokensa a kan dukan ukun ya yi shi, bai ware ɗan zaurensa ba. Na duba takardun nan duka, babu ɗaya da ya nemi wani abu don 'yan ƙungiya kaɗai. Na ga shugabannin ƙungiyoyi da yawa a rayuwata, na 'yan kasuwa da na unguwa da na 'yan gari mazauna waje, kuma kaɗan ne za a buɗe jakarsu a tarar da haka.

A hanyar unguwar North End, inda maƙabartar take, na matsa kusa da shi na ce, "Malam, ka ce ba ku maganar addini ko siyasa a zaurenku. To duk wannan da ka nuna mana mene ne?" Ya ce a ciki suke sanin juna su koyi tsara magana da riƙon littafin kuɗi, a waje suke aiki. Amsar ta yi ma'ana a kan Hall, ko da yake ba ta taɓa dalilan da malamanmu suka kafa ba, shi ma bai yi ƙoƙarin ja da ni ba. 'Yata ta tambaye shi ina mata a wannan labari, ya ambaci ƙungiyar Eastern Star ta matansu da 'ya'yansu a jimla biyu ya wuce. Nan ne kawai na ga ya gajarta, ita kuma ba ta gamsu ba.

Ya yi mana bayanin jawabin da Hall ya yi wa mutanensa a Yunin 1797 a Menotomy, garin da yau ake kira Arlington. A ciki ya ambaci zagi da duka da suke sha a titunan Boston, musamman ranakun biki, ya ce su yi haƙuri, su dubi yadda al'amari ya juya wa 'yan'uwansu bayi a yankin da ya zama Haiti cikin shekara 6, ya kuma tuna musu cewa surukin Annabi Musa, wanda ya lissafa cikin baƙaƙe, shi ya ba shi shawarar tsarin shari'a. A wannan shekarar ya ba da izinin buɗe rassa a Filadelfiya da Providence. Haƙurin da yake kira gare shi ba na naɗe hannu ba ne, tunda mai faɗar ya shekara 20 yana kai takarda.

Maƙabartar Copp's Hill tana kan tudu, an buɗe ta a 1659, kuma hawan titin Hull shi ne mafi wuya a duk tafiyar. Dattijuwar nan mai sanda a ƙasa ta tsaya, abin da ya ƙona mini rai, domin da an gaya mata tun farko da ta san yadda za ta yi. Daga sama ana hango ruwa da Charlestown. Daga nan igwar Ingila ta yi ta harbi ranar yaƙin Bunker Hill a Yunin 1775. Gefen da ke kallon titin Snowhill kusan fili ne, ciyawa kawai, kuma a nan baƙaƙe fiye da 1,000 suke kwance, yawancinsu babu dutse. Alamar Hall biyu ce. Akwai baƙin ginshiƙi mai karyayyen kai da 'yan ƙungiyar suka kafa a 1895. Kusa da shi akwai ɗan siririn dutse na matarsa Sarah da ta rasu a 1769, a bayansa aka sassaƙa sunansa, da ranar 7 ga Disamba, 1807, alhali ranar 4 ya rasu. Bayan mutuwarsa Landan ta cire reshen daga littafinta a 1813, suka ayyana cin gashin kansu a 1827, suka ɗauki sunansa a 1847, kuma sai 1994 babbar majalisar Ingila ta sake amincewa da su. Cikin waɗanda suka bi wannan layi akwai Thurgood Marshall, baƙar fata na farko a Kotun Ƙolin Amurka, da ɗan majalisa John Lewis.

Da mutane suka fara watsewa, dattijon ya yafito ni. Ya buɗe aljihun jakarsa ya fito da farin walki na fatar ɗan rago, wanda aka ba shi ranar da ya shiga. Ya ce da shi za a rufe shi. "Majemin Kano, duba mini aikin." Na murza gefen a tsakanin yatsuna. Aikin alif ne, ba bagaruwa ba, shi ya sa ta fito fara sol, an kuma ja ta sosai har ta yi laushi ko'ina daidai, babu tabon wuƙa. Na ce masa wanda ya yi wannan ya san hannunsa. Ya ninke shi a hankali ya mayar.

Ga mai son zuwa: a sa takalmi mai taushi da rigar sanyi mai rufe wuya, a yi alwala a kama ruwa kafin a fito, a kuma tambayi adadin mutane kafin a biya. Mai ciwon gwiwa ya tsaya a Beacon Hill da gidan tarihi, ya ɗauki mota zuwa maƙabarta. North End unguwar Italiyawa ce, abincinta akwai alade da giya a cikin girki, sai an tambaya. Mu daga tashar Haymarket muka hau jirgin layin Orange zuwa Roxbury Crossing, muka yi azahar a babban masallacin da ke bakin tashar.

Da daddare na sa 'yata ta rubuta wa kamfanin a kan lasifika, da yawan mutane, da matar da aka bari a gindin tudu. Sun amsa washegari, sun ba da haƙuri, sun ce za su gyara tallar. A Mayu zan dawo bikin kammala karatunta tare da mahaifiyarta, kuma na riga na roƙi a ba mu dattijon nan, mu huɗu kawai, a fara daga maƙabarta. Zan taho masa da jar fatar akuya guda daga Kano.